Fiziks da JAMB: Sikeli Ba Ya Ƙara wa Buhu Nauyi

Da zarar hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ta buɗe rajista a farkon shekara, sai kasuwar wani irin littafi ta tashi a kudancin birnin Kaduna. Daga Kakuri zuwa Barnawa, daga Television zuwa Narayi da Sabon Tasha, kundin tsofaffin tambayoyi ne ake bajewa a gaban tebur, littafin darasi kuwa yana can ƙuryar kanta yana shan ƙura. Masu lesin na yamma sun ɗora koyarwarsu a kan wannan kundi, iyaye sun yarda, ɗalibai sun fi kowa yarda. Maganar ɗaya ce a bakin kowa: wai JAMB maimaita tambaya take yi, saboda haka wanda ya haddace na shekara goma ko ashirin ya gama, karanta littafi mai shafi ɗaruruwa wahalar banza ce. A ganina wannan ra'ayi yana cikin abubuwan da ke kayar da yaranmu, kuma ɓarnarsa ta fi muni a fiziks, darasin da duk mai neman likitanci ko injiniyanci ba shi da hanyar kauce masa.

Mu fara da kundin kansa. An kafa JAMB a 1978, kuma shekaru da dama a takarda ake rubuta jarrabawar, kowa tambayoyinsa bugaggu ne a gabansa, samun kwafinsu bayan an tashi ba wuya. Tun 2015 aka koma kwamfuta gaba ɗaya. Yanzu ana kwashe kwanaki ana zama rukuni bayan rukuni, abin da ya fito wa na safe ba lalle ne ya fito wa na rana ba, kuma babu wanda ke fita daga ɗakin da takarda a hannu. To, abin da ake sayarwa da sunan tambayoyin 2022 ko 2023, daga ina ya fito? Mafi kyawun zato shi ne daga abin da ɗalibai suka iya tunowa bayan sun fito, aka tattara, aka cike giɓi. A darasin da canza lamba guda ko ɓacewar alamar ragi ke juya amsa, tunowa ba abin dogaro ba ce. Amsoshin da ke bayan kundin ma mai bugawa ne ya sa su, hukuma ba ta sa musu hannu ba. Yaron da bai san darasin ba, in ya tarar da kuskure, ba shi da yadda zai gane shi. Haddace shi zai yi da zuciya ɗaya, ya shiga ɗakin jarrabawa da shi.

Amma a ɗauka ma kundin ba shi da aibu ko ɗaya. Fiziks ƙa'idoji ne 'yan kaɗan da ake sauya wa riga. Ga misali: an saki dutse daga tsayin mita 20, daƙiƙa nawa zai yi kafin ya taɓa ƙasa? Amsa biyu ce, in an ɗauki ƙarfin jan ƙasa a matsayin 10 yadda aka saba. Mai hadda ya riƙe "biyu", wataƙila ma harafin zaɓin kawai ya riƙe. Ranar jarrabawa sai a mayar da tsayin mita 45. Yaron zai ce tunda ashirin ta ba da biyu, arba'in da biyar za ta ba da huɗu da rabi, kuma duk mai shirya tambaya da ya san aikinsa zai ajiye masa huɗu da rabin nan cikin zaɓi, tarko ne. Amsar gaskiya uku ce, domin dutsen yana ƙara gudu yayin da yake faɗuwa, nisan da yake ci yana tafiya ne da lokaci sau kansa. A mita 80 zai yi daƙiƙa huɗu. Wanda ya fahimci wannan sau ɗaya ya mallaki duk tambayoyin da za a iya haifarwa daga gare ta, na bara da na baɗi. Saboda haka masu cewa JAMB na maimaitawa sun faɗi rabin gaskiya. Ƙa'idar take maimaitawa, su kuma lambar suke haddacewa.

Me ya kamata a saya ke nan? Abu na farko ma ba a sayensa. Manhajar fiziks ta JAMB tana shafin hukumar a intanet, ta jera kowane babi da abin da ake so ɗalibi ya iya a cikinsa, daga awo da motsi zuwa zafi, haske, sauti, lantarki da ƙwayar zarra. Abin mamaki ne ka ga yaro ya biya kuɗin lesin na wata uku bai taɓa ɗora ido a kanta ba. A ƙarshenta akwai jerin littattafan da hukumar ta yarda da su, ciki har da na P. N. Okeke da M. W. Anyakoha, da na E. E. Ike da aka buga a Jos, da na Nelkon da Parker. New School Physics na Anyakoha kuwa ya daɗe da zama ɗan gida a makarantun sakandare. Shawarata a zaɓi guda ɗaya, a bi shi da manhaja a gefe, a warware duk lissafin ƙarshen babi da biro a takarda. Littafin Nelkon da Parker na matakin gaba da sakandare ne, ya dace da duba abin da ya shige duhu, amma wanda ya mayar da shi abincin yau da kullum zai ƙare wata biyu bai fita babin motsi ba. Akwai iyayen da ke ganin ƙauna ita ce tara wa yaro littafi huɗu. Guda da aka kai ƙarshensa ya fi huɗun da aka tsaya a babi na uku.

Za a ce ina maganar masu hali, littafi ya yi tsada, gidan da ake lissafin kuɗin garin tuwo ba ya sayen sa. Ƙorafin yana da nauyi, musamman a wannan yanki da masaƙu suka mutu suka bar dubban magidanta ba albashi, ga shi babban ɗakin karatu na jiha yana can tsallaken gadar kogin Kaduna, sai an biya kuɗin mota. Sai dai a yi lissafin duka. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, wanda ya faɗi sai ya sake biyan rajista, ya sake biyan lesin, ya sake sayen sabon kundi domin an ce an ƙara na bana. Littafin darasi kuwa ba ya tsufa irin wannan tsufa. Dokokin motsi na Newton tun 1687 suke, ta Ohm tun 1827, abin da Faraday ya gano a kan maganaɗisu da lantarki tun 1831, babu wadda aka yi wa kwaskwarima saboda JAMB. Littafin da yaya ya karanta shekara takwas da suka wuce zai yi wa ƙane aiki, na hannu da ake samu wurin masu tsofaffin littattafai zai yi, yara uku a layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su riƙa karɓa-karɓa. In aka duba da kyau, kundin da ake kira mai araha shi ne ke cin kuɗin gida sau biyu, sau uku.

Za a kuma ce lokaci. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na sauran darussa uku, wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Ina yaro zai samu sararin tunani? A nan na yarda tsofaffin tambayoyi suna da aiki, kuma babba. Su ne ke nuna wa ɗalibi salon tambaya, su saba masa da agogo, su tona masa babin da yake da rauni. Sikeli ne. Amma manomi bai taɓa ƙara wa buhu nauyi da yawan ɗora shi a kan sikeli ba. Wurin tsofaffin tambayoyi shi ne bayan an gama babi, da kuma makonnin ƙarshe, a zauna da agogo, a amsa arba'in, duk wadda aka faɗi a koma littafi a nemo dalili. Saurin da ake nema ma daga fahimta yake zuwa. Wanda ya san taransifoma tana sauya ƙarfin wuta ne gwargwadon yawan naɗin waya a ɓangarorinta biyu zai amsa cikin daƙiƙa goma sha biyar. Mai hadda zai ɓata minti guda yana lalube a ƙwaƙwalwa ko ya taɓa ganin irinta.

Sai masu kawo misalin wane da wance da suka ci da kundi kaɗai. Waɗanda suka ci ake nunawa a allon talla, waɗanda suka faɗi ba a buga hotonsu. A 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Gaskiya ne an samu tangarɗar na'ura a wannan shekara, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa laifi aka sake wa wasu jarrabawa, amma a Legas da jihohin kudu maso gabas abin ya faru, bai shafi Kaduna ba. Ban ce kundi ne kaɗai ya jawo faɗuwar ba. Na ce hanyar da kusan kowa ke bi, in da tana aiki yadda ake tallarta, da ba haka alƙaluman za su kasance ba. Wanda ya tsallake da sa'a ma bai tsira ba. Jarrabawowin kammala sakandare na WAEC da NECO suna neman a rubuta bayani a kuma yi gwaji da hannu, kuma sai da kiredit a fiziks ake shiga likitanci ko injiniyanci. Bayan nan ga ajin farko a Jami'ar Ahmadu Bello, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda malami zai ɗora daga inda ya zaci an tsaya, ba ruwansa da yadda aka shigo.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna wane yanki ake magana. Kakuri ce ta karɓi masaƙar KTL a 1957, da masana'antar makamai ta DICON a 1964, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai kuma ta biyo baya a 1980 a hanyar Kachia. Yaran nan jikokin mutanen da suka yi rayuwa da injin ne, kuma har gobe unguwanninsu cike suke da makanikai, da masu walda, da masu naɗin kwayil na fanka da janareta. Babin lantarki da maganaɗisu da yaro ke gudu a littafi, ana yin sa da hannu a rumfar da ke bakin layinsu. Mai cewa Turancin littafi ya yi masa tsauri, ya karanta shafin, ya je ya tsaya wurin mai naɗin kwayil rabin awa, ya dawo ya sake karantawa. Ai tambayar ma da Turancin za ta zo, gudun littafi ba zai sauƙaƙa ta ba.

Iyaye, kafin ku biya kuɗin lesin na bana, ku tambayi malamin littafin da yake koyarwa da shi, ku ce ya nuna muku manhajar. In ya ɗago muku kundin tsofaffin tambayoyi kaɗai, ku riƙe kuɗinku ku saya wa yaron littafi.