LAKA A ƘASA, TSAKUWA A CIKI

Duk wanda ya bi kwararon Tambuwal ko na Kebbe da damina ya san inda ruwan kwata ya ke zuwa. Daga gidaje da mahauta da makarantun kwana ya kan gangara kududdufi, daga nan ya sulale fadama. Kwalarar da ta yi ɓarna a Jihar Sakkwato cikin 2021 ta isa gargaɗi.

Akwai dabara mai araha wadda ba ta bukatar inji. Watau a haƙa rami mai faɗi, zurfinsa kamar santimita 60, a daɓe ƙasansa da laka don kada ya yi yoyo, a cika shi da abin tacewa, sa'an nan a shuka kacalla ko jema a kai. Ƙwayoyin halitta da ke manne da saiwa da duwatsu su ne ke cinye daudar. Wata malama Bajamushiya, Käthe Seidel, ita ta fara gwada wannan a shekarun 1950.

To, maganar duka tana ga abin da za a zuba a ramin. A Ingila cikin shekarun 1980 an cika irin waɗannan ramuka da ƙasa, sai ruwa ya kasa ratsa ta, ya riƙa bi ta sama bai tacu ba, tilas aka koma tsakuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka shawararmu ita ce, a fara tara ruwan a wata rijiya ya kwanta. A bakin shiga a jera manyan duwatsu, a tsakiya a zuba wankakkiyar tsakuwa mai girman gujiya, a ƙarshe kuwa a sa farfasasshiyar marmara, gama ƙarfen da ke cikinta yana kama fosfaras na fitsari da sabulun wanki. Amma fa marmara ta kan ƙoshi, lalle a riƙa sake ta. Rairayi mai laushi toshewa ya ke yi. Gawayi yana rage wari, sai dai itatuwanmu ba su kai mu ƙone ba.

Ya ku ma'aikatan ƙananan hukumomi, kada ku sa hannu a takardar ɗan kwangila sai kun ɗebi tsakuwarsa kun girgiza a kwalbar ruwa. In ya yi duhu, ku mayar masa, araha ba ta ado. Malaman makaranta kuwa su nuna wa yara wannan gwaji, su kuma faɗa musu ruwan na shayar da itatuwa ne, ba na sha ba. Allah ya sa a ji.