Teburin Lambobin Yabo Ba Ya Faɗin Gaskiya Game da Scott Evans

Duk bayan shekara huɗu, idan aka kammala gasar Olamfik, jaridu kan buga teburin lambobin yabo, jama'a kuma su yanke hukunci: wane gwarzo ne, wane kuwa ya ɓata kuɗin jirgi. A ma'aunin wannan tebur, Scott Evans, ɗan wasan badminton na ƙasar Ailan, bai tsinana komai ba, domin ya halarci gasar sau uku bai kawo ko tagulla ba. Wannan hukunci zalunci ne, kuma ma'aunin da ya haife shi gurgu ne.

An haifi Evans a Dublin a 1987, a ƙasar da ƙwallon Gaelic da hurling suka mamaye zukata da filaye, badminton kuwa wasan motsa jiki ne na yamma a zaurukan makarantu. Mai son zama ƙwararre ba shi da abokan atisaye na ajinsa a gida. Don haka tun yana saurayi ya tattara ya koma Denmark, cibiyar wasan a Turai. A 2008 ya zama namiji na farko da ya wakilci Ailan a badminton a Olamfik, inda Marc Zwiebler na Jamus ya fitar da shi a Beijing. A Landan a 2012 ƙuri'a ta haɗa shi da Lin Dan na Sin, wanda ya lashe zinaren gasar a ƙarshe.

Sai Rio, 2016. Ƙuri'a ta sake kawo masa Zwiebler, ya kuma sha kashi a zagayen farko na karawar. Daga nan ya farfaɗo ya cinye biyun da suka rage, ya cire riga yana ihu. Shekara takwas ya jira wannan rana, kuma ita ce nasara ta farko da wani namiji ɗan Ailan ya samu a badminton a Olamfik. Ya doke Ygor Coelho na Brazil a gaban 'yan ƙasarsa, ya kai zagayen 'yan 16, inda Viktor Axelsen ya tsayar da shi. Axelsen ɗin ne ya ɗauki tagulla a Rio, ya kuma ci zinare a Tokyo da Paris.

Masu bin tebur suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Kuɗin jama'a kaɗan ne, in ji su, gara a zuba shi inda zai haifi lamba. A Rio, Ailan ta samu azurfa biyu ne kacal, duka a wasannin ruwa. Me zai sa a kashe kuɗi kan wasan da Sin da Indonesiya da Denmark suka riga suka kankane?

Amsar ita ce wannan lissafi yana cin kansa. Idan sai wasan da ya riga ya kawo lamba za a tallafa wa, babu sabon wasa da zai taɓa kawowa. Dole wani ya fara zuwa, ya sha kaye, ya nuna cewa ƙofar tana buɗuwa. Shekara guda bayan Rio, Chloe Magee da ɗan'uwanta Sam suka ci tagulla a gasar Turai ta 2017. Evans ya yi ritaya a 2018, Nhat Nguyen, wanda aka haifa a Vietnam ya tashi a Dublin, ya karɓi tutar zuwa Tokyo da Paris.

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Teburin lambobi zomon kawai yake ƙirgawa, ba ya ganin gudun. Ƙasar da ta bar shi ya zama alƙalin kasafinta tana korar yaro na gaba irin Evans tun kafin ya ɗauki raket.