Kuɗin Bincike Su Biyo Ta Gonar Albasa

A 2023 Ma'aikatar Sadarwa, ƙarƙashin Bosun Tijani, ta ware naira miliyan 5 ga kowane ɗaya cikin rukunoni 45 na masu bincike da ƙananan kamfanoni, domin aikin haɗin gwiwa kan ƙirƙirarriyar basira. Madalla, ko da yake kuɗin cikin cokali ne. Abin da ya dame ni shi ne wa ake zama da shi kafin a zaɓi abin da za a bincika. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga manoman albasa kewaye da ita, ganye na yin tabo yana ƙonewa, albasar da aka adana kuma tana ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi a kasuwar Jega. Manhajar da za ta duba hoton ganye ta faɗi cutar da muryar Hausa sai an ciyar da ita dubban hotuna daga fadamunmu, kuma manomi ne ya san inda za a ɗauko su. Tun da kuɗin jama'a ne, a sa shi cikin tawagar tun ranar rubuta takardar neman tallafi, a kuma bar hotunan a buɗe ga ɗaliban Maiyama da Jega.