Ana Son Miya, Ana Ƙin Mai Dafa Ta

Jama'a, akwai wani hali na Turawan Ingila da yake ɗaure mini kai. A 1810 wani mutumin Indiya, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan, amma cikin shekara biyu ya karye. Sai ga shi a 2001 ministan harkokin wajen Birtaniya, Robin Cook, yana cewa kaza mai miyar tikka masala ta zama abincin ƙasarsu na gaskiya.

To, madalla. Amma ni a ganina bakinsu ya riga zuciyarsu karɓar baƙo. Yawancin gidajen nan da suke kira na Indiya ai ba na Indiyawa ba ne, na mutanen Bangaladash ne, galibi daga lardin Silet. Shekara da shekaru Bature yana lashe kwano, bai ko damu ya san garin mai dafa masa ba. Ita ma tikka masala ɗin, don harshensu aka yi ta, aka rage yaji, aka yawaita romo.

Abin takaici kuwa, a 1978 wasu samari suka kashe Altab Ali, saurayi ɗan Silet mai aikin ɗinki, saboda ƙiyayyar launin fata. Kusa da titin Brick Lane aka kashe shi, titin da ya yi suna da gidajen abincin mutanensa. Sai a 1998 aka sa wa lambun da ke wurin sunansa.