Burki ba ya karanta takardar vizit

Duk wanda ya saba bin hanyar Tibati zuwa Ngaoundéré, sannan ya gangara dutsen Mbé ya nufi Garwa, ya san abin da wannan gangara take yi wa motar da burkinta ya gaji. Amma da an yi hatsari sai mu ce ƙaddara ce, a rufe magana.

Ni dai a ganina, matsalar tun daga gareji take farawa. Mai mota ya sa tsohuwar taya, makanike ya ɗaure abu da waya, takardar vizit kuma a samo ta ba tare da an duba motar da kyau ba. To, takarda tana iya wuce da kai shingen jandarma, amma ba ta tsayar da tirela a gangara.

Doka ba ta ɗaukar wannan a matsayin ƙaddara. Sashe na 289 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5 ga wanda sakacinsa ya jawo mutuwa. Ku tuna jirgin ƙasan Éséka na 2016, inda mutum 79 suka rasu: bincike ya nuna matsalar burki, kuma a 2018 kotu ta kama kamfanin Camrail da laifi. Ke nan ba direba kaɗai ake tuhuma ba, har mai abin hawan.

Musulunci ma ya ɗora diyya a kan kisan kuskure. Alhaji mai mota, kuɗin burki sun fi diyya arha.