TASWIRAR DAURAWA TANA JIRAN 'YAN DAURAWA

A zamanin En'e, in aka ce za a auna ƙasa a Lardin Kano, an san masu aikin. Malaman taki ne su ke fita da littafi da fensir, su zaga gona da ƙafa suna ƙidaya taku, sa'an nan a yanka wa mai gona haraji gwargwadon faɗinta. Daga bisani ma'aikatan safiyo suka zo da sarƙa da ma'auni mai ƙafa uku. Taswirar da aka zana kuwa, galibi a ofis a kan kulle ta, talaka bai cika ganinta ba. Yau zamani ya juya. Taswira ta koma cikin kwamfuta da wayar hannu, har ya zama malamin makaranta yana iya zana unguwarsu yana zaune a zaure. Amma duk wanda ya fara wannan aiki tambaya biyu su ke fara tare shi: ina zan sami bayanan ƙasa da zan ɗora aikina a kansu, kuma wa zan tambaya in na kakare? Waɗannan tambayoyi mu ke so mu amsa wa ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman makaranta, musamman na Daurawa da Gyadi-Gyadi da sauran ƙasar Tarauni.

Bari mu fara da abin da ya sa maganar ta zama tilas. Sa'ad da Bature Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya zana birnin a takarda guda, da ganuwarsa da Dala da Jakara. Sa'ad da Trevallion ya shirya tsarin raya birnin na shekara 20, watau daga 1963 zuwa 1983, an riga an fara tunanin yadda gari zai bazu waje da ganuwa. To, bazuwar ta wuce abin da aka zata. Wuraren da a dā gonaki ne da ƙauyuka a kudu maso gabashin birni, yau gida ne jikin gida. Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda faɗinta bai wuce wajen murabba'in kilomita 28 ba, ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 220,000 a cikinta, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai tun daga sa'an nan. Tana da mazaɓu 10, Daurawa tana cikinsu, haka kuma Gyadi-Gyadi Arewa da Gyadi-Gyadi Kudu, da Darmanawa, da Unguwa Uku. A irin wannan cunkoso, wanda bai san inda lambatu ya bi ba, ba zai iya hana ruwan damina shiga ɗakunan mutane ba. Wanda bai san yawan gidajen da ke bayan wani layi ba, ba zai san ko ajin makarantar da ke kusa ya ishe su ba. Taswira ke nan ta zama kayan aiki, kamar yadda rajista da hatimi su ke kayan aiki.

Ba sai mun tafi nesa neman shaida ba, domin a nan Kano aka gwada abin aka ga amfaninsa. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, ma'aikatan rigakafi da taswirar da aka zana da hannu su ke fita, saboda haka a kan tsallake rugage da ƙananan unguwanni ba da sani ba. Da aka koma ga hoton tauraron ɗan'adam aka zana kowane matsuguni, aka kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, kamar yadda aka yi a jihohin Arewa tsakanin 2013 da 2015, sai aka riƙa ganin wuraren da ba a shiga ba, a koma musu. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma ta ke da babban ofis a Kano, tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. Yaro na ƙarshe da asalin cutar ya kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila cikin Yuli 2014, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ita. Ba mu ce taswira kaɗai ta yi wannan aiki ba, amma da ba ta, da an daɗe ana lalube.

To, ina bayanan su ke? Amsar ita ce suna da yawa, kuma mafi yawansu kyauta ne. Na farko, akwai shirin GRID3, wanda aka fara a 2018, ya gaji da yawa daga cikin abin da aka tara lokacin rigakafi. A wurinsa a kan sami iyakokin mazaɓu, da wuraren matsugunai, da asibitoci, da makarantu, da kiyasin yawan jama'a. Na biyu, akwai taswirar duniya ta OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. Ita wannan 'yan sa kai ne su ke zana ta, kowa yana da ikon ɗiba, kowa yana da ikon gyarawa, muddin ya ambaci inda ya samo. Na uku, akwai rumbun HDX na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka buɗe a 2014, inda a ke ajiye iyakokin jihohi da na ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Na huɗu, akwai hotunan sama. Amurka ta saki hotunan Landsat kyauta tun 2008, ƙasashen Turai kuma suna ba da na Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015. Kamfanin Google ma ya saki zanen gine-ginen Afirka a 2021, sama da miliyan 500. Manhajar da za a haɗa duk waɗannan a cikinta, watau QGIS, ita ma ba a biyan ko kwabo a kanta.

Ban da waɗannan, akwai ofisoshin Gwamnati, waɗanda bai kamata a tsallake su ba. Ofishin Babban Mai Safiyo na Tarayya shi ke riƙe da taswirorin ƙasa na hukuma. Hukumar NASRDA ita ke kula da al'amarin taurarin Nijeriya, tun daga NigeriaSat-1 da aka harba a 2003. Hukumar Ƙidaya tana da yankunan ƙidaya da ta shata. A Jihar Kano kuwa, maganar filaye da takardunsu tana hannun Ma'aikatar Ƙasa da hukumar KANGIS. Ma'aikacin da ya rubuta takarda bisa ƙa'ida ta hannun shugabansa, ya fi kusa da samun biyan bukata bisa ga wanda ya tafi da baki.

Amma fa a yi hattara, don ba duk abin da ya fito daga kwamfuta ne gaskiya ba. Hoton Sentinel-2 kowane ɗigo nasa mita 10 ne a ƙasa. Ya isa ya nuna yadda gari ya ci gonaki, amma ba zai nuna lungun da ke tsakanin gida biyu a Daurawa ba. Zanen gine-ginen nan na'ura ce ta yi shi, kuma inda rufin kwano ya haɗu da rufin kwano ta kan mai da gida uku ɗaya. Iyakokin mazaɓu na GRID3 don gudanar da aiki aka shata su, ba hukuncin shari'a ba ne. Har wa yau akwai wani tarko da ya kan kama sabon shiga. Tsofaffin taswirorin Nijeriya a kan ma'aunin Minna aka gina su, wayar hannu kuwa da ma'aunin duniya na WGS 84 ta ke aiki. In aka ɗora wannan a kan wancan ba a daidaita ba, bambancin ya kan kai mita gommai, ya isa ya ɗauke gidan mutum daga layinsu ya ajiye shi a layin maƙwabta. Wanda zai auna tsawo da faɗi a Kano da mita, sai ya zaɓi shiyya ta 32 ta Arewa a tsarin UTM. Wayar hannu ita ma ta kan yi kuskuren wajen mita 5 ko a fili, balle a tsakanin katangu. Saboda haka muna faɗa da babbar murya: taswirar 'yan sa kai ba takardar mallakar fili ba ce. Duk mai rigimar iyaka, ya nemi ma'aikacin safiyo mai rajista.

A nan ne mu ke zuwa kan cibiyar maganar. Tauraro yana ganin rufi, amma bai san sunan layi ba. Bai san kwalbatin da ya toshe ba, bai san rijiyar burtsatsen da ta mutu ba, bai san makarantar allo da Islamiyya ba, bai san ramin da ya kan cika ya tumbatsa cikin watan Agusta ba. Baƙon da ke zana Kano daga Jamus ko Amurka zai iya fid da Titin Maiduguri da Titin Zariya da Asibitin Malam Aminu Kano daidai, amma in ya shiga cikin Daurawa sai ya bar layuka ba suna. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Abin da ya rage a taswirar Tarauni yana cikin kan mai unguwa, da ungozoma, da ɗan adaidaita sahu, da malamin da ya shekara ashirin yana rubuta sunayen yara a rajista. In ba su aka tambaya ba, ba inda za a same shi.

Sai tambaya ta biyu, watau wa za a tambaya in an kakare. Wannan ilmi ba a cika koyonsa a kaɗaice ba. Mutum ya kan kwana uku yana fama da abin da abokin aiki zai warware masa kafin shayi ya huce. Sauran ƙasashe sun gane haka. A Kibera ta birnin Nairobi, matasan unguwa ne suka haɗu a 2009 suka zana unguwarsu, wadda a dā kusan fili fetal a ke nuna ta a taswira. A Darussalam ta Tanzaniya, shirin Ramani Huria ya haɗa ɗaliban jami'a da mutanen unguwa tun daga 2015, suka bi magudanan ruwa ɗaya bayan ɗaya saboda ambaliya. Ƙungiyar YouthMappers, wadda aka kafa a 2015, ɗaliban jami'o'i ta ke haɗawa a kan wannan aiki, a Nijeriya ma akwai rassanta. Kano ba ta rasa masana ba. Akwai sashen nazarin ƙasa a Jami'ar Bayero, akwai waɗanda suka ƙware a aikin rigakafi, akwai ma'aikatan safiyo na jiha, ga kuma kasuwar waya ta Farm Centre a cikin Tarauni kanta, cike da samari masu kaifin basira. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a inuwa guda.

Saboda haka ga shawararmu. Ƙaramar Hukumar Tarauni ta ware ɗaki guda mai wuta da kwamfuta biyu ko uku, a sa rana ɗaya a wata, ma'aikata da malamai da ɗalibai su riƙa haɗuwa, wanda ya sani ya koya wa wanda bai sani ba. A fara da mazaɓa guda, a ce Daurawa, kuma da abu guda, a ce magudanan ruwa, kafin damina ta faɗi. A buga taswirar da ke akwai a takarda, a raba ta gida-gida, malami da manyan ɗalibansa su bi ta da ƙafa tare da wakilin mai unguwa, suna rubuta suna da gyara da fensir, sa'an nan a dawo a shigar. Kada a fara sai an gai da hakimi da dagaci an bayyana musu manufa, domin jama'a in sun ga baƙo yana auna layi, haraji ko rusau su ke fara tunawa. Kada a sa sunan mai gida ko abin da ya shafi iyalinsa a taswirar da duniya za ta gani. Kada kuma a kwafi taswirar Google a zuba a OpenStreetMap, don ƙa'idarsu ta hana.

Mai neman taimako shi ma akwai ladabin da ya kamace shi. Ya faɗi abin da ya ke son yi, da inda ya samo bayanansa, da shekarar da aka tara su, da abin da ya gwada bai yi ba. Tambayar da aka tsara rabin amsa ce, kuma matambayi ba ya ɓata. In an warware masa, ya rubuta yadda aka yi a littafin ƙungiya, da Hausa, don na baya ya huta. Kowane bayani da aka tara a rubuta masa kwanan wata da sunan ofishin da ya tara shi, a ajiye kwafi fiye da ɗaya. An sha ganin aiki mai kyau ya salwanta don kawai an yi wa ma'aikaci canjin wuri ya tafi da kwamfutarsa.

Muna kuma kira ga ofisoshin Gwamnati da su sassauta hannu. Bayanin da aka tara da kuɗin jama'a, in bai shafi tsaro ko sirrin wani ba, ba shi da amfani a cikin durowa. Ofishin da ya ba malamai taswirarsa, gyararriya za a mayar masa.

Malaman taki sun auna ƙasar Kano da ƙafafunsu don a tara haraji. Jikokinsu suna da kayan aikin da su ba su taɓa mafarkinsa ba, kuma wannan karon awon don amfanin masu unguwa ne. Hoto ya samu, manhaja ta samu, masana suna nan kusa. In 'yan Daurawa ba su sa sunayen layukansu a taswira ba, wani zai sa musu, kuma ba lalle ya sa daidai ba. Allah ya ba shugabanninmu da malamanmu ikon ɗaukar wannan aiki, amin.