Wace ƙofa ɗan ci-rani zai buga?

Da an ɗaure damman hatsi a Sarkin Yamma, sai samari su kama hanyar Jibiya da Kano, masu ƙarfin hali su nufi Agadas da Libiya. Abin da suke aikowa shi ke riƙe gidaje har ruwa ya sauka. Amma a tarurrukan ƴan boko na Maraɗi, ana ambaton su tamkar annoba.

Masu wannan magana su dubi Filifin. Tun 1974 gwamnatin Marcos ta mai da tura ma'aikata ƙetare manufarta, kuma wannan ba abin yabo ba ne: ƙasar da malamanta ke aikatau a gidajen Hong Kong ta gaza. Sai dai da aka rataye Flor Contemplacion, ƴar aikin gida, a Singafo a 1995, jama'a suka cika tituna, ministan harkokin waje ya sauka, aka kafa dokar kare ma'aikatan ƙetare a shekarar. Tun 2022 ma'aikata sukutum ke kula da su. Fiye da dala miliyar 30 suke aikawa gida kowace shekara, kuma hukuma ta san lissafin.

A Nijar fa? A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yaran Kance. Aka yi makokin kwana uku. Dokar 2015 ta farauci direbobin Agadas, aka soke ta a 2023. Saurayin Sarkin Yamma da ubangidansa ya hana shi ladansa a Sabha, har yau sai dai ya kira gida a waya.